Sharuɗɗan Darasin Mutala'a da Insha'i a Shekarar Farko ta Jami'a

  



An ɗora mini in yi bayani a kan wani darasi guda, wanda in mutum ya duba jerin darussan jami'a ba zai same shi cikin waɗanda ake alfahari da su ba, alhali kuwa a ƙasar Amurka da wuya ɗalibi ya karɓi shahadar digirin farko, ko likita yake nufin zama ko injiniya ko lauya, ba tare da ya bi ta kansa ba. Watau darasin mutala'a da insha'i na shekarar farko, inda ake koya wa sabon shiga yadda zai karanta rubutun wani da basira, sa'an nan ya rubuta nasa da hujja. Maganar ta shafe mu ƙwarai, domin cikin waɗanda ke zaune a nan akwai masu shirin tafiya can neman ilmi, waɗanda za su tsaya a gida kuma za su tarar da ɗan'uwan wannan darasi yana jiransu a jami'o'inmu da sunan darasin amfani da Turanci.

Asalinsa ba shi da nisa. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 kwalejojin Amurka ƙanana ne, ɗalibansu akasari ana shirya su ne domin aikin coci ko na shari'a, karatunsu Latinanci da Girkanci, gwanintarsu kuma a baka ake gwada ta, ɗalibi ya miƙe gaban malamai ya yi huɗuba ko munazara. Da yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865, makarantu suka yawaita, fannonin kimiyya da sana'o'i suka shigo, ofisoshi da kamfanoni suka buƙaci masu iya rubuta rahoto, sai alƙalami ya karɓe martabar da harshe yake da ita. Charles Eliot, wanda ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1869, ya ɗauko wani tsohon ɗan jarida mai suna Adams Sherman Hill a 1872 domin ya kula da sha'anin rubutu, a 1874 kuma jami'ar ta fara wajabta wa masu neman shiga su rubuta gajeren insha'i da Turanci a kan littattafan da aka zayyana musu, irin su wasannin Shakespeare. Abin da ya fito ya tayar da hankalin malamai, domin kusan rabin yaran, da yawansu kuwa daga makarantu masu tsada suka fito, ba su ci ba. A 1885 aka sanya darasin insha'i ya zama wajibi a kan ɗan shekarar farko, aka kira shi English A, kafin ƙarnin ya ƙare kuma kwalejoji masu yawa a ƙasar sun kwaikwaya.

Ina so a lura da abu ɗaya cikin wannan tarihi. Waɗancan yara da Turanci suka buɗi baki, shi suke ji a ɗakin iyayensu mata, duk da haka suka kasa tsara shafi biyu da shi. Saboda haka uzurin da muke yawan kawowa, cewa ɗalibanmu sun gaza a rubutu ne domin Turanci ba harshensu ba ne, rabin gaskiya ne kawai. Sauran rabin shi ne iya magana daban, iya jera tunani a takarda daban, na biyun kuma ba a shan sa a nono, sai an zauna an koya, kowane harshe mutum yake ji.

Ranar farko malami yakan raba wa kowa takardar sharuɗɗan darasi, wadda a wurinsu matsayin yarjejeniya take tsakanin malami da ɗalibi, duk wata jayayya da za ta taso daga baya kuma ita za a buɗe. A cikinta za a ga cewa zangon karatu kimanin mako 15 ne, ana zama aji wajen sa'a uku a mako, ana kuma sa ran kowace sa'a ta aji ɗalibi zai bi ta da sa'a biyu na aiki shi kaɗai. Za a ga adadin maƙalun da zai rubuta, galibi huɗu ko biyar, kowace ta fi ta gabanta tsawo da wuya, ta ƙarshe kuma ta bincike ce a ɗakin karatu. A kwalejojin jihar Kalifoniya, alal misali, jimillar rubutun zangon takan kama daga kalmomi 5,000 zuwa 6,000. Akasarin maki daga waɗannan maƙalu yake fitowa, jarrabawar ƙarshen zango ba ta da nauyin da muka saba ba ta, a makarantu da yawa kuma wanda bai kai matakin C ba sai ya maimaita. Akwai wa'adin miƙa kowane aiki, da abin da za a rage wa wanda ya makara, da adadin fashin da in ya wuce shi an faɗi darasin ko da rubutun mutum ya yi kyau. Sauran ƙananan ƙa'idoji, na girman haruffa da tazarar layuka da faɗin gefen takarda, rana ɗaya ta isa a koye su, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba.

Wanda zan ɗan tsaya a kansa shi ne makin da ake warewa domin yin magana a aji. Mu a tarbiyyarmu shiru gaban malami ladabi ne, sunkuyar da kai kuma alamar yaron kirki. Can kuwa malami zai ɗauki shirun a kan ɗayan biyu, ko ɗalibi bai yi karatun da aka ba shi ba, ko bai damu ba. Ba na ce ku yar da ladabinku a filin jirgi ba, Allah ya kiyaye. Ku riƙe shi, amma ku haɗa shi da buɗe baki, domin tambaya cikin ladabi ba ta taɓa zubar da girman malami ba, malamanmu na zaure ma sun fi son almajirin da ke tsayar da su a kan mas'ala. Haka nan kowane malami yana da sa'o'in da ya keɓe a mako yana zaune a ofis domin ɗalibai kawai, makarantu da yawa kuma suna da ɗakin taimakon rubutu inda ake duba daftarin ɗalibi kyauta, zuwa can ba abin kunya ba ne, haƙƙi ne da aka riga aka biya cikin kuɗin makaranta.

Yanzu sai mutala'a, wadda aka gabatar da ita a sunan darasin bisa hikima, domin babu mai rubutu da kyau face wanda ya yi karatu da kyau. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin fiƙihu na gidan malamai, irin Risala ko Muhtasar da aka rubuta da hannu, ya ga yadda aka bar fili tsakanin layuka da gefen takarda, ya ga yadda almajirai suka cika filin da fassarar kalmomi da ajami, da hashiya, da nuni zuwa ga wani sharhi, to ya riga ya san irin karatun da ake nufi. Ana so ɗalibi ya karanta da fensir a hannu, ya maimaita sau biyu ko uku, ya ja layi inda marubuci ya faɗi da'awarsa, ya sa alama inda ya kawo dalili, ya rubuta tambayarsa a gefe inda bai gamsu ba. Ya san wane ne ya yi rubutun, a wane zamani, da wa yake magana, me yake so su yi bayan sun karanta, kuma me ya tsallake bai ambata ba. Bambancin da ke akwai shi ne almajirin zaure yana karanta matanin da magabata suka riga suka tantance, ɗalibin wannan darasi kuwa ana miƙa masa rubutun mutanen da suka saɓa wa juna da gangan, domin ya koyi aunawa.

Aikin farko da akan bayar shi ne taƙaitawa, mutane kuma sukan raina shi har sai sun gwada. Sharaɗinsa shi ne ka mayar da shafi goma zuwa sakin layi ɗaya da kalmominka, ba tare da ka cusa ra'ayinka ba, ta yadda da marubucin zai gani zai yarda cewa abin da ya faɗa ke nan, ko da kai ba ka yarda da shi ba. Wannan adalci ne kafin ya zama fasaha, kuma a ganina da za a ce ɗalibi bai fita da komai ba sai wannan, da zangon bai tafi a banza ba, domin rabin husumar da ke tsakanin mutane a majalisu da jaridu da wayoyin hannu ta samo asali ne daga mayar da martani ga maganar da ba a tsaya an fahimta ba.

Daga cikin rubuce-rubucen da aka fi karantawa a irin wannan aji akwai wasiƙar da Martin Luther King ya rubuta a watan Afrilu na 1963 yana tsare a kurkukun birnin Birmingham ta jihar Alabama, yana amsa wa wasu malaman addini takwas, farar fata, waɗanda suka buga sanarwa cewa zanga-zangar da yake jagoranta ba ta dace ba, kuma lokacinta bai yi ba. Ana sa ɗalibi ya bi wasiƙar daki-daki ya ga yadda mutumin ya fara da tabbatar da cewa yana da hurumin yin magana a garin, tun da an kira shi baƙo mai shisshigi. Yadda ya rarrabe tsakanin doka mai adalci da marar adalci, yana kafa hujja da malaman da abokan jayayyarsa da kansu suke girmamawa, irin su Augustine da Thomas Aquinas. Da yadda ya kawo labarin 'yarsa mai shekara shida wadda ba ta da ikon shiga wurin wasan yara saboda launin fatarta. Waɗannan hanyoyi uku na shawo kan mai sauraro, watau mutuncin mai magana, da dalilin hankali, da taɓa zuciya, Aristotle ne ya tsara su a littafinsa na fasahar huɗuba, wanda aka fassara zuwa Larabci tun zamanin Abbasiyawa, Ibn Rushd na Ƙurɗuba kuma ya yi masa talhisi. Ɗalibin da ya ɗan taɓa balaga da manɗiƙi a gida ba zai ji shi baƙo a wannan fage ba.

Sa'an nan a zo ga abin da na ɗauka shi ne ruhin darasin duka, wanda kuma ya fi wahalar da ɗalibanmu. Tun daga firamare har sakandare an saba wa yaro cewa amsa tana wurin malami, aikinsa ya kwafe ta daga allo, ya haddace, ya mayar da ita ranar jarrabawa yadda aka ba shi. Gwargwadon kusancin amsarsa da ta malami, gwargwadon makinsa. Hadda ni'ima ce, ba mai raina ta sai wanda bai san abin da ta tsare mana ba. Amma a wannan aji za a ce masa: mun ji abin da wane ya ce, mun ji abin da wane ya ce, to kai me ka ce? Kowace maƙala dole ta ɗauki da'awa guda, wadda za a iya faɗa cikin jimla ɗaya ko biyu kusa da farko, wadda kuma mai hankali zai iya musantawa. In ka rubuta cewa ilmi yana da amfani, ba ka yi da'awa ba, domin babu mai ja da kai. In ka rubuta cewa ya kamata a koyar da yara da harshen uwa har ƙarshen firamare, ka yi da'awa, domin ga masu ja nan da hujjojinsu, nauyin tabbatarwa kuma ya hau kanka.

Wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya san tsarin. Mai ƙara zai faɗi abin da yake nema a fili, alƙali ya ce ina shaidunka, a kawo su ɗaya bayan ɗaya, a bincika adalcinsu, a ba abokin shari'a dama ya soke su, sa'an nan a yanke hukunci; rantsuwa da ɗaga murya da yawan magana ba sa zama a madadin shaida. Mai karatu shi ne alƙalin maƙalarka. Kowane sakin layi shaida ɗaya ne, ya shigo ya faɗi abu ɗaya, ka bayyana yadda abin da ya faɗa ya ƙarfafa da'awarka, domin naƙalin da aka ajiye ba tare da bayani ba ba ya yi wa kowa magana. Wajibi ne kuma ka kawo mafi ƙarfin hujjar wanda ya saɓa maka, ka faɗe ta yadda shi zai faɗe ta, ka amsa abin da za ka iya amsawa, ka sallama masa inda yake da gaskiya; malamanmu sun san wannan a fannin ladubban bahasi da munazara, kuma ba su ɗauki sallamawa a inda ta dace rauni ba.

Misalin da nake so ku riƙe na ɗan ƙasarmu ne. A watan Fabrairu na 1975 Chinua Achebe ya gabatar da lacca a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a kan littafin Joseph Conrad mai suna Heart of Darkness, wanda ya fara fitowa a 1899, wanda kuma malaman adabin Turanci suka daɗe suna koyarwa a matsayin ɗaya daga cikin fitattun ƙagaggun labaransu. Achebe ya yi da'awar cewa littafin ya tozarta mutanen Afirka, ya mayar da nahiyar dandamali kawai wanda Bature zai tsaya a kai ya binciki zuciyarsa. Da ya tsaya nan, da an ce fushin baƙar fata ne an wuce. Sai ya shiga cikin matanin ya fito da shaidu, ya nuna irin siffofin da marubucin ya maimaita, ya nuna cewa an hana 'yan Afirka magana irin ta mutane in ban da wurare biyu, ya kuma tari numfashin masu cewa ai mai ba da labarin cikin littafin daban, Conrad daban, ya amsa musu tun kafin su faɗa. Har yau akwai malaman da ba su yarda da hukuncinsa ba, sun kuma rubuta raddi. Amma ba wanda ya isa ya koyar da littafin ya yi kamar bai ji ba, har ana buga laccar a haɗe da littafin a wasu bugu na ɗalibai. Abin da ake nema daga ɗan shekarar farko ke nan, a gwargwadon ƙarfinsa.

Sharaɗin da ke biye shi ne maimaita rubutu, kuma a nan ne ɗalibai suka fi jin an matsa musu. Ba a karɓar maƙala sau ɗaya a sa mata maki a wuce. Za ka kawo daftarin farko, a haɗa ku biyu ko uku ku karanta na juna ku rubuta abin da kuka fahimta da inda kuka ɓace, malami ya cika gefen takardarka da tambayoyi, ka koma ka sake, wani lokaci har sau uku. Wata malama mai suna Nancy Sommers ta buga wani bincike a 1980 inda ta gwama ɗalibai 20 da ƙwararrun marubuta 20, ta tarar cewa in an ce wa ɗalibi ya gyara, abin da yake yi shi ne sauya kalma da 'yar'uwarta da share maimaici, ƙwararre kuwa yakan rushe ginin ne ya sake, ya ɗauke ƙarshe ya mai da shi farko, ya jefar da shafi sukutum, domin sau da yawa sai ya gama daftarin farko yake gane abin da yake son faɗa. Saboda haka wanda ya bar aikinsa sai daren wa'adi ya cuci kansa ta hanyar da hazaƙa ba ta iya ramawa, tun da abin da zai miƙa tunaninsa ne na farko, wanda bai kwana ba balle ya nuna. Kada kuma jan alƙalamin malami ya karya muku zuciya. Takardar da ta dawo cike da tambayoyi shaida ce cewa an zauna an karanta ta.

Sai maganar amana, wadda ita ce mafi tsanani cikin dukkan sharuɗɗan. Duk jimlar da ka ɗauko daga wani, ka sa ta cikin alamar zance ka faɗi mai ita da shafin. Duk ra'ayin da ka aro, ko da ka sake masa kalmomi, ka ambaci inda ka samo shi. A ƙarshen maƙala kuma ka jera littattafan bisa tsarin da aka umarta. Wanda ya saɓa, ko ta hanyar kwafowa daga intanet, ko sayen rubutu, ko miƙa aikin aboki, hukuncinsa yakan fara daga rasa makin aikin, ya kai ga faɗuwa darasin, har kora daga makaranta, ga baƙo kuwa kora tana iya tafiya da izinin zamansa a ƙasar. Rashin sani ba ya zama uzuri, tun da an rubuta a takardar ranar farko. Ni abin da ke ba ni takaici shi ne a ga ɗan Musulmi yana ɗaukar wannan ƙa'ida baƙuwa, alhali malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna tantance wa ya ji daga wa, suka gina ilmin isnadi da na sanin maruwaita tun fiye da shekara dubu da ta wuce. Alhali kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusuhi, domin ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowannensu. Jingina magana ga mai ita gadonmu ne.

Tun daga watan Nuwamba na 2022, da aka fito da ChatGPT, fitinar ta sake kama, domin yanzu na'ura tana iya zubo maƙala mai santsi cikin daƙiƙoƙi. Malamai sun rabu: wasu sun hana ɗungurungum, wasu sun halatta da sharaɗin a bayyana inda aka yi amfani da ita, da yawa kuma sun koma sa ɗalibai rubutu da hannu a cikin aji, ko su zaunar da ɗalibi su tambaye shi abin da ya rubuta. Ku bi abin da takardar malaminku ta ce. Amma ko da babu mai kama ku, ku sani abin da aka zo nema a darasin nan yana faruwa ne a cikin kan mai rubutu sa'ad da yake fama da jimlar da ta ƙi zama, wanda ya wakilta wannan fama ga na'ura kuwa ya biya kuɗin makaranta ya bar ilmin a can.

Game da kurakuran nahawu, waɗanda su ne babban abin tsoron wanda Turanci ba harshensa ba ne, ina da albishir. A 1970 Jami'ar Birnin New York ta buɗe ƙofarta ga duk wanda ya gama sakandare a birnin, sai azuzuwa suka cika da 'ya'yan talakawa da na baƙi waɗanda wasu malamai suka yanke ƙauna daga gare su. Wata malama, Mina Shaughnessy, ta zauna ta nazarci rubutun irin waɗannan ɗalibai kimanin 4,000, ta fitar da littafi a 1977 inda ta nuna cewa kurakuransu suna da tsari da dalili, na mai koyo ne wanda ke gwada ƙa'idar da bai gama kamawa ba, kuma suna gyaruwa in an gane tushensu. Bahaushe ma kurakuransa a Turanci sanannu ne, 'yan kaɗan ne masu maimaita kansu, irin na ƙananan kalmomin da ke gaban suna da na lokutan aikatau. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta naka, ka bi su ɗaya ɗaya. Ka kuma guji manyan kalmomin da ba ka mallaka ba, domin malami ya fi son jimla mai sauƙi wadda ta ɗauki ma'ana a kan mai ado wadda ba ta ɗauki komai ba.

Duk abin da na zayyana yana tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya wanda ba a kan ɗalibi yake ba, watau a sami mutum mai lokacin karanta abin da aka rubuta. Ƙungiyar malaman insha'i ta kwalejojin Amurka, wadda aka kafa a 1949, ta bayar da shawarar kada aji ya wuce ɗalibai 20, in son samu ne 15, kada kuma malami ɗaya ya ɗauki fiye da 60 a zango. Su ma ba kowace makaranta ke cika wannan ba, kuma sau da yawa malaman wucin gadi masu ƙaramin albashi ake bar wa aikin, wanda aibi ne a gare su. A ƙasarmu Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da shawarar Jami'ar Jihar Michigan, ita ta fara shigo da tsarin darussan bai-ɗaya da kowane ɗalibi zai yi, daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta shi ga kowa. Niyyar kyakkyawa ce. Amma inda aka tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya gaban malami ɗaya da lasifika, aka kuma auna su da tambayoyin zaɓi-ɗaya a kwamfuta, to an koyar da bayani a kan rubutu, ba a koyar da rubutu ba, kuma ɗalibi yana iya cin darasin da maki mai kyau bai taɓa rubuta shafi ɗaya da wani ya karanta ya mayar masa ba. Sakamakon yana bayyana a shekarar ƙarshe, ranar da aka ce ya rubuta kundin bincike, ya rasa ta inda zai fara, har shaiɗan ya nuna masa hanyar masu sayarwa. Laifin ba na malaman ba ne, domin ba a ɗora wa rai abin da ba ta iyawa.

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantu da ke wannan zama su raba waɗannan manyan azuzuwa zuwa ƙananan rukunai, ko da sau ɗaya a mako, su horar da ɗaliban digiri na biyu da na uku su riƙa duba rubutu a ƙarƙashin kulawar malami, a biya su haƙƙinsu, a kuma wajabta wa kowane ɗan shekarar farko maƙala uku aƙalla waɗanda za a karanta, a mayar masa, ya sake. Ina roƙon malaman sakandare, musamman na Hausa da na Larabci, su fara wannan horo da harshen da yaro ya fi ƙarfi a cikinsa, domin wanda ya iya kafa da'awa da kare ta da Hausa, rabin aikinsa ya ƙare ranar da zai yi da Turanci. Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, kada ku jira sai an gyara tsari: daga wannan mako kowannenku ya zaɓi maƙala ɗaya a jarida, ya taƙaita ta cikin adalci, ya rubuta amsarsa a shafi ɗaya, ya ba abokinsa ya karanta, sa'an nan ya sake rubutawa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.